Amsa ga mai shirin shiga gudun kilomita 5 karo na farko

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, inda ka ce ka yi rajistar gudun nishaɗi na kilomita 5 da za a yi a nan cikin garin Kaduna, saura makonni shida, alhali rabonka da gudu tun kana makarantar sakandare, kuma babban abin da ke damunka shi ne kada numfashi ya ƙare maka a tsakiyar hanya, ko ka zo na ƙarshe jama'a suna kallo. Ni ma da girmana na fara wannan harka, saboda haka zan gaya maka abin da na gani a jikina da jikin waɗanda muke fita tare.

Makonni shida sun isa mutum mai lafiya ya kammala kilomita 5, matuƙar bai sa wa ransa cewa dole sai ya yi gudun ba tare da tsayawa ba. Wanda ya taka da ƙafa kawai, da ɗan sauri, yana cinye wannan nisa a cikin kimanin awa guda, sabon shiga kuwa da ke haɗa sassarfa da takawa yakan gama tsakanin minti 35 zuwa 45. Amma idan kana da hawan jini, ko ciwon suga, ko asma, ko ka taɓa jin ƙirjinka yana ɗaurewa idan ka hau bene, to ka fara ganin likita kafin ka fara atisaye.

Tsarin da ya yi mini amfani shi ne fita sau uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. A makonni biyu na farko ka yi sassarfa na minti ɗaya, ka taka na minti biyu, ka riƙa maimaitawa har minti 20 zuwa 25 su cika. Daga nan sai ka riƙa tsawaita sassarfar kana rage takawar, ta yadda zuwa mako na biyar za ka iya minti biyar ko fiye kafin ka taka na minti ɗaya. Hutun nan na tsakani yana cikin atisayen, domin zuciya da huhu suna saurin sabawa fiye da ƙashi da jijiyoyi, shi ya sa mutum zai ji numfashinsa ya gyaru ya ɗauka zai iya fita kullum, sai kuma ƙwauri da gwiwa su fara ciwo. A makon ƙarshe ka rage sosai, kwana biyu kafin ranar kuma kada ka yi komai sai 'yar takawa.

Wurin atisaye ba zai yi maka wuya ba. Dandalin Murtala yana cika da masu motsa jiki da sassafe, musamman ranar Asabar, kuma a nan za ka ga dattawa da mata da masu ƙiba, kowa yana yin daidai ƙarfinsa, wanda hakan kaɗai yana rage wa sabon shiga kunya. Idan ka samu fili mai zagayen mita 400 irin na tsere, zagaye 12 da rabi shi ne kilomita 5. Idan kuwa a titi za ka yi, titunan cikin Unguwar Rimi da Malali sun fi manyan tituna irin su Ahmadu Bello Way ko Ali Akilu natsuwa bayan sallar asuba, kuma ka riƙa bin gefen da kake fuskantar motocin da ke tahowa, saboda masu Keke ba su cika lura da mai gudu ba. Lokacin hunturu ƙura tana busar da maƙogwaro, a Maris da Afrilu kuma rana tana fara zafi da wuri, don haka fitar asuba ta fi.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, domin shi ne yake kayar da yawancin sababbin shiga: kilomita ta farko. A wurin tashi akwai kiɗa da lasifika da ihun matasa, ana busa usur sai ka ga kowa ya zabura kamar an koro shi, kuma jikinka zai bi su ba tare da ka yi shawara da shi ba. Na sha ganin samari majiya ƙarfi sun wuce ni a guje a farkon hanya, kafin a kai rabi na same su sun dafa gwiwa suna haki, wasu ma sun zauna a bakin kwalbati. Dalilin kuwa a bayyane yake. Idan ka yi gudun da ya fi ƙarfin iskar da jikinka ke iya kai wa tsokoki, ƙafafu za su yi nauyi cikin mintuna kaɗan, kuma ba za su dawo daidai ba sai ka rage gudu na dogon lokaci, wato abin da ka samu a farko za ka biya shi da ƙari. Maganinsa shi ne ka tsaya a baya tun a layin tashi, ka bar masu neman kyauta su yi gaba, ka fara da sassarfar da za ka iya yi wa na kusa da kai cikakkiyar magana ba tare da numfashi ya yanke maka ita ba. Idan ba ka iya faɗin jimla guda, ka yi sauri da yawa. Za ka ji kamar kana ɓata lokaci, mutane za su yi ta wuce ka, amma daga kilomita ta uku kai ne za ka fara wuce su ɗaya bayan ɗaya. Kuma ka yi takawarka bisa tsarin da ka saba da shi a atisaye, tun kafin gajiya ta tilasta maka, domin wanda ya taka da niyya yana iya komawa gudu, wanda ya taka don ya galabaita kuwa da wuya ya sake tashi.

Batun zuwa na ƙarshe kuma, ka cire shi daga ranka. Ko a babban gudun Kaduna da aka yi a watan Nuwamba na 2020, an ware kilomita 21 ga ƙwararru, an kuma tanadi kilomita 10 da 5 domin sauran jama'a. A irin wannan gajeren zango akwai masu takawa daga farko har ƙarshe, kuma a iya abin da na gani, 'yan kallo sun fi tafa wa na baya.

Game da kaya, kada ka sa sabon abu ranar gudu. Kambas mai taushin ƙasa, wanda ya bar wa babban yatsa ɗan sarari, ya isa, ko na gwanjo ne daga Kasuwar Barci, muddin ka yi makonni kana atisaye da shi. Rigar da ake rabawa ma ka wanke ta ka gwada tukuna. Ka shafa basilin a matsematsi da hammata, ka sa safa mai kyau saboda bororo.

Da safen ranar, ka ci abu mara nauyi awa biyu kafin tashi, kamar ayaba ko dabino ko ɗan burodi da shayi, ka bar ƙosai da duk wani abu mai maiƙo sai ka dawo. Ruwa kuma tun jajibiri ake shansa. Wanda ya ɗirki ledar ruwa biyu a layin tashi yakan gamu da suka a ƙarƙashin haƙarƙari, idan kuma ta same ka, ka koma takawa, ka danna wurin da hannu kana jan dogon numfashi har ta lafa. Ka fita da wuri, domin akan rufe wasu tituna. Abin da ba a haƙuri da shi shi ne jiri, ko ciwon ƙirji, ko ganin duhu-duhu. Da ka ji ɗaya daga cikinsu ka tsaya ka nemi ma'aikatan lafiya da ke wurin.

Idan ka tsallaka layin ƙarshe kada ka zube nan take, ka ci gaba da takawa na minti biyar zuwa goma, kana kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Tsamin jiki yakan fi tsanani a rana ta biyu, har ruku'u da sauka daga bene su yi maka wuya, amma yana wucewa cikin kwana uku ko huɗu, kuma takawa a hankali ta fi kwanciya saurin sake shi. Ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya a kan ƙashi, ko gwiwar da ta kumbura, shi ne ake kai wa asibiti. Allah Ya kai mu ranar lafiya.