Ga mai tambaya kan sumutin da ke tsinkewa: 'ya'yan itacen za ki daskarar, ba ruwa ba

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta tambayarki, inda kika ce kina markaɗa ayaba da kankana da madara, ki zuba ƙanƙara don ya yi sanyi a wannan zafi da ake fama da shi, amma kafin a kai rabin kofi ya riga ya tsinke, ruwa ya kwanta a ƙasa, kumfa ta taso sama, ɗanɗanon kuma ya yi salam. Kin kuma ce bilendarki tana kuka kamar za ta ƙone. Na ga wasu sun ce ki ƙara sukari, wasu kuma sun ce ki sayi sabuwar bilenda. Ni dai a ganina ba a nan gizo ke saƙar ba. Ƙanƙarar nan da kike zubawa ita ce tushen matsalar, kuma ni ma na daɗe ina yin hakan kafin na gane.

Ƙanƙara ruwa ce zalla. Da zarar wuƙar bilenda ta farfasa ta, sai ta soma narkewa, kuma duk abin da ya narke ruwa ne ya shiga cikin haɗin ya kashe masa ɗanɗano. Ga shi kuma tana da tauri, ita ce ke wahalar da injin. Amma idan 'ya'yan itacen ne da kansu suka daskare, sanyi da kauri da zaƙi duk daga wuri guda suke fitowa. Ko sun narke, ayaba ce ta narke, ba ruwa ba. Sukarin da ke jikinsu kuma yana hana su yin tauri irin na ƙanƙara, shi ya sa wuƙa ke cin su cikin sauƙi. Tun da na koma wannan hanya ban sake sa ƙanƙara ko ɗaya ba.

Aikin gaske tun jiya ake yin sa, ba lokacin da ƙishi ya taso ba. Ki zaɓi 'ya'yan itacen da suka nuna sosai, domin firiza ba ta nunar da komai, yadda kika sa abu haka za ki ciro shi. Ayabar da bawonta ya fara ɗigo-ɗigon baƙi ita ta fi, don a lokacin ne sitacin cikinta ya rikiɗe ya zama sukari. Wadda ba ta gama nuna ba bauri za ta ba ki. Ki wanke komai kafin ki yanka, har da kankana da abarba da ba a cin bawonsu, saboda wuƙa tana kwasar dattin baya ta shigar da shi ciki. Sanyin firiza ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi, idan abu ya narke sai su ci gaba da yaɗuwa.

Ki ɓare ayabar kafin ki daskarar. Wannan na nanata shi, don ɓare daskararriyar ayaba aiki ne mai cin rai. Ki yayyanka ta kamar kaurin yatsa. Mangwaro ki fere, ki yanke tsokar ki yar da ƙwallon, kuma in da hali ki nemi wanda ba shi da zare da yawa. Kankana ki cire 'ya'yan. Daga nan sai ki shimfiɗa leda mai tsabta a faranti, ki jera yankan ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun taɓa juna ba, ki sa a firiza kamar awa 3 zuwa 4 har su ƙanƙare. Sai bayan nan za ki juye su a leda mai zif, ki matse iskar ciki, ki mayar. Idan kika zuba su a leda tun suna ɗanye, dunƙulewa za su yi su zama curi guda, kuma irin wannan curin ne ya taɓa ƙona mini injin bilenda. Firiza mai aiki daidai tana kan maki 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selshiyas. A haka ayaba takan yi wata 2 zuwa 3 da kyanta. Idan wuta ta ɗauke, kada ki riƙa buɗe murfin: firizar da ke cike tana riƙe sanyi kusan awa 48, wadda ke rabi kuma kusan awa 24.

Yanzu ga haɗin da kika ce kina yi. Kankana da madara ba su cika shiri ba. Kusan kashi 92 cikin 100 na kankana ruwa ne, babu abin da zai riƙe shi, dole ya rabu. Ayaba da mangwaro da gwanda da fiya su ne masu tsoka, su ke ba sumuti jiki ya yi santsi. Kankana da lemu da abarba masu ruwa ne, ƙamshi da wartsakewa suke kawowa. Don haka duk haɗin da kike so ya yi kauri, ki tabbata aƙalla rabinsa daga masu tsoka ne. In kuwa kankana kike sha'awa, ki bar ta a matsayinta: daskararriyar kankana kofi 2, ruwan lemon tsami rabin ƙwaya, ganyen na'a-na'a kaɗan, ruwa cokali 3 ko 4, babu madara. Ba zai yi kauri irin na ayaba ba, zai fito kamar niƙaƙƙiyar ƙanƙara mai zaƙi, kuma a ranar da zafi ya kai intaha ni shi na fi so a kan komai.

Awon da nake bi ga mutum biyu shi ne daskararrun 'ya'yan itace kofi 2, abin ruwa kofi 1. Amma ba na zuba ruwan duka a karon farko. Kashi uku cikin huɗu nake sawa, in ya so in ƙara cokali-cokali, domin tsinka mai kauri abu ne mai sauƙi, mayar da tsinkakke ya yi kauri kuwa sai kin ƙara 'ya'yan itace. Wanda aka fi nema a gidana shi ne ayaba 1, mangwaro kofi 1, yogot marar sukari rabin kofi, madara mai sanyi rabin kofi, da ɗan ɓarɓashin citta. Cittar nan kada ta wuce girman farce.

Yadda ake jera kayan a bilenda ma yana da tasiri, kuma ina jin a nan ne kukan injinki yake. Abin ruwa shi ne farko, sai yogot da duk wani abu mai laushi, daskararrun kuma su zo a sama. Ta haka wuƙar za ta samu abin da za ta fara juyawa, ta riƙa janyo na sama a hankali. Idan irin bilendar nan ce da ake kifa kofinta a kan injin, sai ki juya tsarin, daskararrun su fara shiga, don idan kin kifa su ne za su koma sama. Ki ciro kayan daga firiza ki bar su minti 5 su ɗan saki. Ki fara da danna-saki sau biyar ko shida, sannan ki bar shi ya gudu. Idan kika ji ƙarar ta canza, wuƙa na juyawa amma kayan sun tsaya cak, iska ce ta taru a gindin. Ki kashe, ki cire filogi, ki tura kayan ƙasa da cokali, ki ƙara ruwa kaɗan. Kada ki taɓa sa cokali alhali injin na aiki. Kuma kada markaɗen ya wuce minti 1, don juyawar wuƙa tana ɗumama haɗin, tana kuma cusa masa iska, wadda ita ce kumfar da kike gani.

Akwai wani abu da ya taɓa ɗaure mini kai, gara in faɗa miki tun yanzu. Na haɗa abarba da madara da safe, na ajiye saura a firij, da rana na kurɓa na ji ɗaci, har na zaci madarar ce ta lalace. Ashe ɗanyar abarba tana da wani sinadari da ake kira buromelen, wanda ke farfasa furotin ɗin madara, shi ke haifar da ɗacin. Gwanda ma tana da irin nata, ana ce masa fafen. Daskarewa ba ta kashe su, zafi ne ke kashe su, shi ya sa abarbar gwangwani ba ta yin haka. Idan za ki haɗa su da madara ko yogot, a sha nan take. In ajiyewa za a yi, ki yi amfani da ruwan kwakwa ko ruwan lemu. Haka kuma lemon tsami yana sa madara ta yi gudaji-gudaji, amma yogot yana jure shi tunda dama mai tsami ne. Ɗan ruwan lemon tsamin kuma yana rage saurin baƙin da ayaba ke yi idan iska ta taɓa ta.

Batun sukari da aka ce ki ƙara, don Allah ki dakata. Gaskiya ne sanyi yana rage jin zaƙi a harshe, amma idan kin cire ƙanƙara za ki ga zaƙin ya dawo da kansa. Ki ɗanɗana tukuna. In bai ishe ki ba, dabino 2 da aka jiƙa aka cire ƙwallon sun wadatar. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini, wanda ga babba ya kama kusan giram 50, wato ƙaramin cokali 12, kuma zuma da tataccen ruwan 'ya'yan itace duk suna cikin lissafin. Ayaba matsakaiciya guda ɗaya tana ɗauke da sukari kusan giram 14 nata na kanta. Mai ciwon sukari ya tuntuɓi likitansa kan adadin da ya dace da shi. Tunda kin ambaci yara, ki kiyaye: ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, ko ɗigo, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai haɗari gare shi. Manyan kuma ki ce su sha a hankali, don idan sanyi ya bugi ganɗa da sauri yakan sa kai ya sara na ɗan lokaci.

Ki sa kofunan a firij tun kafin ki fara markaɗe, za ki ga bambanci. Sumuti mai madara kada ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafi ya haura maki 32, awa 1 ce iyakarsa. Abin da ya rage ba na barin sa a firij ya kwana, don rabuwa yake yi, launinsa ya dushe. A mazubin yin ƙanƙara nake juye shi, in bar ɗan sarari a sama saboda yana kumbura idan ya daskare. Washegari sai in jefa ƙwaya 5 ko 6 a bilenda da madara rabin kofi, ko in soka tsinke tun da farko in ba yara su tsotsa.

Ki gwada da ayaba da mangwaro kawai a karon farko, da wannan bilendar taki ba sabuwa ba, ki dawo ki faɗa mana yadda ya kasance. Allah ya ba da sa'a.