Amsa ga mai son sayen kayan wasan kwamfuta na Counter-Strike 2 (CS2) da kuɗin kirifto na USDT

Ƙanena, ka ce wani a Telegram zai sayar maka da wuƙar cikin wasan CS2 rabin kuɗinta, ka tura USDT tukuna. Kada ka tura. Kirifto ba ya dawowa, da zarar ya fita daga asusunka ba wanda zai janyo maka shi. Ko a Kasuwar Dole ta Damagaram ba ka biyan kuɗin rago sai dillali ya riƙe igiya. Nemi shafin da ke riƙe kuɗin har kayan su zo hannunka.

Ko sun zo ma, da sauran magana. Tun 2025 Steam, manhajar da ake wasan da cinikin kayansa a cikinta, ta ba mai kayan CS2 kwana 7 da zai iya warware cinikin, kayan su koma gare shi. Wanda ka biya kai tsaye sai ya haɗa kuɗi da wuƙa.

Ka kunna Steam Guard, wato tsaron asusunka na Steam, a wayarka. Adireshin shafin kuwa ka rubuta da hannunka, don na bogi harafi ɗaya kawai suke canzawa. Ranar biya ka fara gwadawa da USDT na sefa jika biyu, ka kuma tabbata layin tura USDT da shafin ke karɓa, TRC20 ne ko ERC20, kafin ka danna.