Tambaya da Amsa: An kashe waya amma layin ofis ya ƙi sauka

Tambaya: Assalamu alaikum malam, ni ne nake kula da wayoyin wani otal a nan Kano, muna da PBX, wato na'urar da take raba kira zuwa wayoyin cikin otal ɗin, da layi uku na waje, duka irin akwatin nan ne mai cin sim da ake jona masa wayar tebur tunda layin ƙasa ya zama tarihi. Matsalata in mutum ya kira ya shiga muryar nan mai cewa danna 1 danna 2 sai ya fasa ya kashe, layin baya sauka, fitila tana nan a kunne, wani lokacin sai na cire wuta na mayar, kuma duk wanda ya kira a lokacin bizi yake ji. Oga ya fara cewa ni ne ban iya aikin ba. Don Allah a taimaka.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka kwantar da hankalinka ɗan'uwa, wannan ciwon ya girme ka ya girme ni. Layin analog waya biyu ce kawai, babu wani saƙo da yake bi ta ciki ya ce wancan ya ajiye, mutum ne da kunnensa yake jin tut tut tut ya kife kan wayar, shi ya sa ba a ganin matsalar sai ranar da na'ura ce ta ɗauki kiran, ita kuwa sai an koya mata.

Alama uku ce layi yake iya bayarwa. Ko ya ɗauke wutar layin na ɗan lokaci kamar rabin sakan, wanda a littafin na'ura zaka ga an rubuta CPC, ko ya juya wutar wato plus ya koma minus, ko kuma ya sake maka ƙarar bizi kawai ya ƙyale ka. Abin da nake gani kullum shi ne mutane su shiga setin su kunna duka ukun a lokaci ɗaya suna fatan ɗaya ya kama, daga nan kira ya fara yankewa ana tsakiyar magana, an gudu ba a tsira ba. Fara gano wacce layinka yake bayarwa tukuna.

Ɗauko mitar awon wuta ka sa a DC ka ɗora kan wayoyin layin biyu. In ba a ɗaga ba zaka ga kusan bolt 48, wasu ƙananan akwatunan basa kaiwa haka, in aka ɗaga sai ya faɗo wajen 6 zuwa 12. Kira layin da wayar hannunka, a ɗaga, ka kashe daga naka ɓangaren idonka na kan mita. Ya faɗi sifili ya dawo, CPC ne. Alamar minus ta fito ko ta ɓace, juyi ne. Bai motsa ba sai ƙara, to ƙarar ce kaɗai abin da kake da shi. In zaka samu tsohuwar mita mai allura ta fi, ta dijital tana da nawa, rabin sakan zai iya wuce ta bata nuna komai ba.

Irin akwatunanka yawanci ƙara kawai suke bayarwa, amma duba littafinsu, da yawa suna da juyin wuta a ɓoye a cikin setin saboda na'urar lissafin kuɗin kira, in akwai kunna shi a akwatin sannan ka kunna a PBX ɗin, wallahi ya fi ƙara aminci nesa ba kusa ba.

In babu sai ƙara, to nan aikin yake, don kowace ƙasa da kalar nata bizin. Amurka sauti biyu ne a haɗe, 480 da 620 Hz, rabin sakan ƙara rabin sakan shiru. Ingila 400 ne, milisakan 375 ƙara 375 shiru. Yawancin Turai 425, China kuma 450 da 350 ƙara 350 shiru. Yanzu ka duba, akwatin an ƙero shi a China, PBX ɗin ya zo da setin Amurka ba wanda ya taɓa, ɗaya na Hausa ɗaya na Fulatanci kenan, ina za su ji juna. Kada ka yi canke, ɗauki ƙarar a rikodin ka buɗe a Audacity, manhajar sauti ce ta kwamfuta kuma kyauta ce, ka auna tsawon ƙara da tsawon shiru da kaurin sautin wato Hz ɗinsa, abin da ka gani shi zaka rubuta. Kuma akwati ukun nan ka auna kowanne daban in ba kamfani ɗaya bane.

Baka faɗi irin PBX ɗinka ba. In Asterisk ne, wato manhajar da take mai da kwamfuta PBX, da katin jona layi, a fayil ɗin chan_dahdi.conf zaka sa busydetect=yes, sai busypattern da lambobin da ka auna misali 350,350, sai busycount wanda shi ne sau nawa zai ji ƙarar kafin ya yarda. Ni bana sa ƙasa da 4, in har yana yanke kira ana magana ka kai shi 6 ko 8, layin zai ɗan daɗe kafin ya sauka amma gara haka da a yanke wa baƙo yana tambayar kuɗin ɗaki. Na juyin wuta kuwa hanguponpolarityswitch=yes ne, na CPC sai ka tabbatar signalling ɗin fxs_ks ne ba fxs_ls ba. In ka sa komai daidai har yanzu bai ji ba, ɗan ƙara rxgain, wato ƙarfin sautin da yake shigowa, kaɗan, wani lokacin ƙarar ce take isowa a raunane saboda doguwar waya ko jonin da ya yi tsatsa.

Kafin ka gama duk wannan, yau ɗin nan ka gyara muryar taku, in ta maimaita sau biyu ba a danna komai ba ta kashe da kanta, kada ta riƙa zagayawa. Wannan kaɗai zai hana ka tashi cire wuta da tsakar dare, in ka auna ka turo mana lambobin mu gani.