Yayana ya sha azaba a Guantanamo, za mu iya neman diyya?

Tambaya daga Sudan: Barista, an kama yayana a Pakistan aka kai shi Guantanamo, ya yi shekaru suka sake shi ba tuhuma ba komai, har yau in ya ji ƙarar sarƙa sai jikinsa ya hau rawa. Za mu iya kai Amurka kotu?

Allah ya ba shi lafiya ɗan'uwa. Ba zan ɓoye maka ba, ita gwamnatin Amurka ta toshe wannan ƙofar tun 2006, majalisarsu ta yi doka cewa wanda aka tsare da sunan mayaƙin abokan gaba kotu ba za ta saurari kukansa kan yadda aka riƙe shi ba. Ɗan ƙasarku Adel Hamad, wanda shi ma aka tsare a Guantanamo, ya gwada, kotun ɗaukaka ƙara ta kore shi a 2013. Khaled El-Masri kuwa, Bajamushen da CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, ta sace bisa kuskure, ce masa aka yi shari'ar za ta tona sirrin ƙasa, shi ke nan fa, abin takaici wallahi.

Waɗanda suka samu wani abu ta gefe suka bi. Shi El-Masri Masedoniya ya kai kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai don su suka miƙa shi, a 2012 aka ce su biya shi yuro 60,000, Poland ma an ci ta tara a 2014 saboda kurkukun sirrin da ta ba CIA. Sai 'yan kwangila, a Nuwamba 2024 wasu 'yan Iraƙi uku da aka azabtar a gidan yarin Abu Ghraib na Iraƙi sun yi nasara kan kamfanin CACI mai kwangila da sojojin Amurka, dala miliyan 42, amma ka sani tun 2008 suka shigar da ƙarar kuma kamfanin ya ɗaukaka.

Matsalarku babba lokaci ne, irin wannan ƙarar a Amurka yawanci shekara 10 ake bayarwa, Turai ma wa'adinta gajere ne. Don haka kar ka biya kowa kuɗin "buɗe fayil" kan alkawarin miliyoyi.

Ka zaunar da shi a hankali, ba dole, ya faɗi inda aka bi da shi kafin Guantanamo, wace ƙasa, su wa suka yi masa tambayoyi, sojoji ko masu farin kaya. Ka adana lambarsa ta fursuna da wasiƙun Red Cross, likita ya rubuta rahoton tabon jikinsa da halin ƙwaƙwalwarsa, sannan ku rubuta wa ƙungiyoyin lauyoyin kare haƙƙi, Reprieve ko Center for Constitutional Rights, sun daɗe suna riƙe shari'un 'yan Guantanamo, su za su duba ko akwai sauran hanya.