Zobban sandar fatsa: inda ya kamata kuɗinka ya tafi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston, na kan bi abokan aiki kamun kifin bas a tafkin Sam Rayburn. Na sayi tsurar sanda mai ƙafa 7, ina so in haɗa ta da hannuna. Zobban da zare ke bi ta cikinsu ne suka ɗaure mini kai: ga Alconite, ga SiC, ga Torzite, duk na kamfanin Fuji, amma farashinsu ya yi hannun riga. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗauki Alconite mai gidan ƙarfe marar tsatsa, hankalinka kwance. Kowane zobe kashi biyu ne: gidan ƙarfen da ake ɗaurewa jikin sanda, da ƙawanyar tangaran da zare ke gogawa. Sunayen nan uku na tangaran ɗin ne. SiC ya fi Alconite tauri, ya kuma fi saurin fitar da zafin da gugar zare ke haifarwa. Wannan abin nema ne ga mai kamun manyan kifayen teku masu fizgar zare su yi ta gudu da shi. Bas ba haka yake ba. Zai finciko, ya yi tsalle, ya nemi ciyawa ko kututture ya shige, cikin ɗan lokaci an gama. Torzite kuwa siriri ne marar nauyi, galibi a gidan taitaniyom yake zuwa, shi ya sa ya yi tsada. Taitaniyom ba ya tsatsa, amma Sam Rayburn ba ruwan gishiri ba ne.

Za ka ji ana cewa tufkakken zare yana cin zobe har ya yi masa tsagi. Tsoffin zobba na ƙarfe zalla ya yi wa haka. Alconite ya fi ƙarfinsa.

In da rarar kuɗi, kai ta can ƙarshen sanda. Zoben kai shi ya fi shan guga, don haka SiC a wurin ba asara ba ce. Zobba uku ko huɗu da ke bin bayansa kuma su zama marasa nauyi iya yadda za ka samu, domin nauyi kaɗan a bakin sanda yana sa ta yi ta rawa bayan jifa, yana kuma dusashe ɗan taɓin da kifi ke yi wa koto a ƙasan ruwa. Wanda ya wahala ya haɗa sanda da kansa, wannan taɓin yake nema. Kafin ka yi odar zoben kai ka auna bakin sandar, don lamba biyu gare shi: ta ƙawanya a milimita, ta bututun kuma a kason inci ɗaya cikin 64.

Tambaya: Ni a Minnesota nake. Kowa yana yabon ƙananan zobban nan masu lamba 4. In sa su? Kuma guda nawa sanda take buƙata?

Amsa: Ɗan'uwa, fara duba zaren da kake amfani da shi. Ƙananan zobba suna rage nauyi, suna riƙe zare kusa da sanda, iska ba ta cika wasa da shi ba. Amma in kana ƙulla tufkakken zare da guntun fulorokabon (wani zaren roba garai-garai da ba a tufka ba) a gaba, ƙullin nan sai ya ratsa kowane zobe a duk jifa. A lamba 4 za ka ji yana ƙas-ƙas yana cijewa, nisan jifa ya ragu, ƙullin kuma ya riƙa lalacewa. Irin ƙullin da ake kira FG siriri ne, yana wucewa, sauran kuwa da ƙyar. Ga kuma sanyin garinku: a ƙarshen kaka ruwan da zare ya jawo yana daskarewa cikin ƙaramin zobe ya toshe shi, gansakuka ma haka. Ni lamba 5 ko 5.5 zan ba ka. Bambancin nauyin bai kai wahalar da za ka kauce wa ba.

Yawansu kuwa, masu sana'ar sukan fara da zobe ɗaya ga kowace ƙafa, a ƙara ɗaya, ban da na kai. Wato sanda mai ƙafa 7 ta fara da 8, ƙanana kuma sukan nemi ƙari. Kada ka tsaya kan lissafin nan, sandar za ta faɗa maka. Manna zobban da tef, zura zare, sannan ka ɗaura wani zaren dabam a zoben kai ka ja har sandar ta lanƙwasa. Tsaya daga gefe ka duba. Zaren da ke cikin zobban ya bi lanƙwasar sanda ba kusurwa mai kaifi, kuma a sandar da zobbanta ke sama kada ya taɓa jikinta ko'ina. Inda ya taɓa, matsa zobe ko ka ƙara ɗaya. Sai ka fita fili ka yi jifa kafin ka naɗe su ka shafa gam, domin bayan gam ya bushe gyara sai da wuƙa, wuƙa kuma tana iya raunata sandar.

In sandar mai injin naɗi a ƙasa ce, zobba ukun farko su zama masu tsayin ƙafa, suna raguwa. Ga inji mai lambar girma 2500 zuwa 3000 da siririn tufkakken zare, jerin Fuji na 20H, 10H da 5.5M (lambar ta girman ƙawanya ce, harafin kuma na tsayin ƙafa) sananne ne.

Tambaya: Zarena yana yawan tsinkewa, kuma sabo ne. Laifin zaren ne?

Amsa: Hajiya, kafin ki canza zare ki samo tsinken audugar goge kunne, ki juya shi cikin kowane zobe, ki fara da na kai. Inda auduga ta maƙale, tangaran ya tsage, ko da ido bai gani ba. Canza wannan zoben kaɗai ya isa. In sandunanki suna yawan shan taku a cikin kwale-kwale, duba zobban Recoil na kamfanin REC: waya ce ta nikel da taitaniyom, ba tangaran a ciki, in aka lanƙwasa ta sai ta miƙe. Tana da ƙara da tufkakken zare, ki san da wannan kafin ki saya. Kuma ki daina rataya ƙugiya a cikin ƙawanyar zobe, nan tsagewar ta kan fara.