Ku tambayi Malam: yara sun haura tamanin, littafin Ingilishi bai kai goma ba

Tambaya: Slm Malam, barka da ƙoƙari. Ni malama ce ina koyar da Ingilishi a wata lise, wato sakandare, nan Garwa, ajin sankiyem wato aji biyu, yara sun haura tamanin amma masu littafi ba su kai goma ba, in na ce a yi fotokopi kuma kowace takarda dala biyar ce iyaye sai ƙorafi. Labari za su karanta maka shi tiryan-tiryan amma ka ce me ya faru a ciki sai su yi tsuru-tsuru, dikte wato shifta kuwa kar ka so ka gani, rabin kalmomin da rubutun Faransanci suke zuwa. Dan Allah wane kayan aiki zan nema kuma a ina? Malama daga Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba da lada. Ni dai shawarata ki daina jiran ranar da kowa zai zo da littafi, labari ɗaya gajere a sati ya ishe ki in dai za ki tatse shi yadda ya kamata. Ki samu takarda mai faɗi, ko ta buhun siminti ce a goge ta, ki rubuta labarin da maka, biron nan mai kauri, da manyan baƙi, layi goma zuwa sha biyu, ki rataye gefen tablo, in sati ya ƙare ki naɗe ki ajiye ma baɗi. Kuɗin maka da takarda kam ki kai wa APEE, ƙungiyar iyaye da malamai, an fi saurin ba da jaka biyu sau ɗaya a kan a riƙa bin iyaye dala biyar biyar.

Inda za ki samo labaran, akwai African Storybook a intanet, kyauta ne, daga Afirka ta Kudu aka faro shi, labaran an jera su hawa hawa daga mai sauƙi zuwa mai wuya kuma wasu za ki same su da Ingilishi da Faransanci har da Hausa, ki sauke ranar da kika samu data kawai. In an ba ki turwaziyem, wato aji huɗu, masu shirin jarrabawar BEPC to VOA Learning English ya fi dacewa da su, a 1959 suka faro wannan shiri da kalmomi wajen 1,500 kuma a hankali suke karantawa, ki sa a waya da ƙaramar sifika su ji bakin wani ba naki kullum ba. Tsohuwar Cameroon Tribune ma kar ki raina, akwai Ingilishi a ciki kuma maganar ƙasarmu ce. Amma wallahi wanda na fi so shi ne ki zauna da kanki ki rubuta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Ingilishi mai sauƙi, yaro ya riga ya san Gizo zai yi ha'inci saboda haka hankalinsa na kan kalmomin.

Yanzu maganar fahimta, nan ne aikin yake. Kin san dabarar yaran nan ai, sai su duba kalma ɗaya a cikin tambaya su nemo ta a labarin su kwafe layin gaba ɗaya, kuma sau da yawa su ci maki, mu malamai mu muka saba musu da haka don tambayoyinmu duk wane ne da ina ne. Ki riƙa sa tambayar da amsarta ba ta kwance a layi ɗaya, me ya sa ya gudu, da kai ne me za ka yi, wa ya fi laifi a cikin su biyun kuma wace kalma ce ta nuna maka. Ki rufe ƙarshen labarin ranar farko su faɗi abin da suke zato. Wata rana ki rubuta jimloli shida a hargitse su jera su yadda abin ya faru, wannan ba mai iya kwafe. Kuma kafin a taɓa biro ki bar su minti biyu kowa ya ba na kusa da shi labarin da Hausa ko Fulatanci, na san wani sufeto zai ɓata rai amma yaron da ya kasa faɗin labari da harshen gidansu to bai gane shi ba ne, gara ki sani tun da wuri. Amsa kuma kowa ya rubuta a kan ardwaz, ƙaramin allonsa, irin dabarar La Martinière da suka saba tun firamare, ki buga tebur kowa ya ɗaga, da kallo ɗaya kin ga aji duka ba sai kin kwashi littafin rubutu tamanin zuwa gida ba.

Rubutun kalmomi kuwa ba laifin yaran ba ne kaɗai, Ingilishi baƙaƙensa 26 ne amma sautukansa sun kai 44, ba kamar Hausar boko ba da kusan yadda ka ji haka za ka rubuta. Kar ki ba su kalma talatin barkatai. Takwas ko goma a sati, daga cikin labarin, kuma dangi dangi: night, light, right, fight rana ɗaya. Yaro ya kalli kalma, ya rufe da hannu, ya rubuta, ya buɗe ya duba. Na Faransanci ki yi musu takarda ta musamman a bango, adresse da address, exemple da example, mariage da marriage, exercice da exercise, ki ja wa wurin bambancin jan layi, duk wadda kika kama a dikte ki ƙara ta. Yaran Hausawa ki ba su pan da fan, pull da full su yi ta ji suna rubutawa, Fulanin ajin ba ruwansu da wannan don suna da p a harshensu, sai ki haɗa su benci ɗaya. Sannan dan Allah a dikte ki ƙirga kalmomin da yaro ya samu daidai, wannan cire maki har a kai sifiri ba abin da yake koya wa ɗan shekara sha biyu sai tsanar darasin.

Tambaya: Malam 'yata ta rubuta color kamar yadda waya ta nuna mata, malaminsu ya ja jan biro ya ce colour ne. Wa ke da gaskiya? Wani uba daga Kusuri.

Amsa: Alhaji duka biyun daidai ne, color rubutun Amurka ne wanda ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ya yaɗa, colour na Ingila, haka center da centre. Makarantun Kamaru na Ingila suke bi tunda Ingila ce ta riƙe yankin su Bamenda da Buea har 1961, saboda haka ta bi malaminta. Ka shiga saitin wayar ka mayar da harshen rubutu zuwa Ingilishin Birtaniya, za ta daina gyara mata zuwa na Amurka.