Amsa ga Yaya kan matashin kai na tangaran

Assalamu alaikum jama'ar gida. Yaya, na ga hoton da kika turo ɗazu, matashin kan nan na tangaran na ƙasar Sin, kina tambaya wai da gaske mutum yana ɗora kansa a kan abu mai tauri haka ya yi barci, ko dai kayan kabari ne kawai. Rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya.

To Yaya, an kwana a kansa, da gaske. E, akan binne wasu tare da mamaci, wannan gaskiya ne. Amma akwai wani gari, Julu, a lardin Hebei. A 1108 Rawayen Kogi ya yi ambaliya, laka ta binne garin ɗungurungum. Sai wajen 1918 aka yi fari, manoma suna haƙa rijiya suka ci karo da gidaje, da tasoshi da tuluna da waɗannan matasan kai, a cikin ɗakunan mutane. Wasu ma mai abin ya rubuta sunansa da shekara da tawada a ƙarƙashi. Kin ga kayan masu rai ke nan.

Dalilinsa zafi ne. Bazarar arewacin Sin ba wasa ba ce, shi kuma tangaran sanyi gare shi, cikinsa kuma kogo ne. In kin duba hoton da kyau za ki iya ganin 'yar huda a gefe ko a baya, an yi ta ne don iska ta fita lokacin toyi, kada ya fashe. Kuma ba a tsakar kai ake ɗora shi ba, ƙeya da wuya yake tallafewa, gyaran gashi ba ya ɓaci.

Irin na hotonki, farin nan mai baƙin zane, Cizhou ake ce masa, sunan yankin da matoyar take, kusa da birnin Handan, a lardin Hebei ɗin nan. Ya bunƙasa zamanin daular Song, 960 zuwa 1279, da ta Jin. Ni wallahi nan ne abin yake burge ni. Yumɓun wurin ba fari ba ne, toka-toka ne, mai kaushi. Sai maginan suka riƙa shafe shi da ruwan farar ƙasa, su yi zane a kai da baƙin launi mai ƙarfe a ciki, ko su kankare farin da tsinke har ƙasar ta bayyana, sannan a zuba ruwan ƙyalli a toya. Hannu ɗaya ake ja, babu gogewa, in ka kuskure shi ke nan.

Kuma ba kayan fada ba ne, na kasuwa ne, na talaka da mai ɗan hali. Zanen ma haka: yaro yana kamun kifi, tsuntsu a kan reshe, furanni, baitin waƙa. Akwai wanda ake ginawa da siffar damisa a kwance, bayanta ne wurin ɗora kai. Da yawa a ƙasansu akwai tambari mai cewa gidan Zhang ne suka yi, wato iyali guda da sana'arsu, suna sa sunansu.

Yaya, in da hali ki ɗauko mana hoton ƙasansa, ina so in ga ko tambarin yana nan. A gaida yara.